Hannun Asabe

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya bar wa bawa wahalar nema. Ni ne Tanko mai fataucin kanwa da goro, haifaffen Garwa, ɗan wani Bakano da ya zo da jakai bai koma ba. Na gaji da ba da labarin nan da baki. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce a ɗauko masa daga farko, ni kuwa duk ranar da na ɗauko ba na iya cin tuwo. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi da nasa. Labarin hannun dama ne na maiɗakina Asabe, da wata biyun da muka yi muna ja da mutuwa a kansa.

Tun da Jamus suka kafa barikinsu a kan tudu, jiragen ruwa suka riƙa hawowa Binuwai da damina, Garwa ta cika da fuskokin da ba wanda ya san iyayensu. Ga 'yan dakon da aka sallama ba guzuri, ga sojojin da suka ajiye bindiga, ga waɗanda ba su da sana'a sai auna tsawon katangar mutane. Ni kuwa rabin shekarata a hanyar Ngaundare take ƙarewa, 'yarmu tilo tana aure a Yola. Gidan daga Asabe sai kaji, sai maƙwabciyarmu Gwaggo Dudu, wata tsohuwar Bafulatana da ta ɗauke ta 'ya, mai leƙowa ta katanga safe da yamma. Asabe kitso take yi, kuma matan unguwa sun mai da ɗakinta ma'aji. Mai tara wa 'yarta murjani, mai ɓoye munduwar azurfa kada miji ya gani, duk wurinta suke kaiwa, ta sa a tukunya ƙarƙashin gado. Shekara ashirin ko ƙwayar tsakiya ba ta taɓa ɓata a hannunta ba, kuma da wannan take taƙama fiye da kitson.

Akwai wani Saje Maunde, tsohon sajen Jamus. Da ya bar aiki sai ya buɗe sana'ar da ba mu gada ba: ya tara tsofaffin sojoji a gidansa yana ba fatake hayarsu su yi gadi. Kai ka biya Saje, shi ya san abin da zai ba su. Da na je neman mai gadi ya jera mini mutum huɗu a rana. Uku da jajayen huluna da jajayen idanu, warin giyar dawa na tashi tun da hantsi. Na huɗun ya naɗa rawani, ya ja amawali ya rufe wuya har haɓa, carbi a hannu, ido a ƙasa. Wai Haruna sunansa.

"Wannan fa?" na ce.

"Kai, madugu, ka iya zaɓe! Wannan ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya."

"Ka san shi?"

"Ni na tsaya masa."

A wurinmu fatake, idan babba ya ce ya tsaya wa mutum, magana ta ƙare. Da kalmar nan ake ba baƙo masauki, da ita ake ɗora masa kaya. Ban ƙara tambayar komai ba.

Wata huɗu Haruna yana zaurena, bai taɓa ɗaga labulen cikin gida ba. Duk zafin Garwa da ke sa ƙadangare neman inuwa, ban taɓa ganin ya kwance rawanin nan ba, ni kuma wawa har yabonsa nake a kasuwa, wai na samu mai gadi mai kamun kai. In azahar ta same mu a zaure shi nake turawa gaba ya ba mu salla. Ran Juma'a kuwa shi da bakinsa ya ce gadi larura ce, in tafi masallaci, shi zai tsare gida.

Wata Juma'a ce cikin bazara. Duk namijin da ke iya takawa a unguwarmu yana masallacin Lamido, Haruna kuwa ya san haka. Asabe tana tsakar gida tana tsefe kanta sai ta ga mutum a kanta da adda. Ta ce ita ta zaci gobara ce ta tashi.

"Malam Haruna, lafiya? Ai ba a shiga."

"Ina tukunyar?"

Ashe wata huɗun nan ƙirga matan da ke wucewa da ƙunshi yake yi. Ta ruga ta tsaya a bakin ɗakinta, ta dafe dogarin ƙofa da hannun dama, ta ce kayan mutane ne, sai dai ya bi ta kanta. Bai yi gardama ba. Ya sara hannun a jikin itacen, addar ta shiga tsakanin yatsu ta raba tafin. Ya juya ƙeyar addar ya buga mata a ka. Allah ya sa ta riga ta yi ihu, Gwaggo Dudu ta kama daga bayan katanga, mata suka ɗauka gida gida. Da ya ji unguwa ta rikice sai ya faɗa ɗakin kayana, ya kwashi turamen da zai iya, ya kwance jaki ɗaya ya fice. Na dawo daga masallaci da buzuna a kafaɗa, na tarar da matata kwance a bakin ƙofa, kanta bisa cinyar Gwaggo, rabin kitso a tsefe, kaji suna tsattsagar ƙasar da jini ya jiƙa.

Makon farko mun yi abin da kowa yake yi. Wanzami ya zo ya wanke ciwon, ya cika shi da garin bagaruwa. Maɗori ya zo ya ce ƙasusuwan tafin sun farfashe, ya jera kara ya ɗaure tamau da tsumma a kan ɗanyen rauni, ya ce kada a kwance sai bayan kwana goma. Na ba shi riga sabuwa ina godiya. Na yanka rago sadaka. 'Yan gaisuwa kuwa kamar ana rabon gado, kowa da maganinsa: wannan ya ce kitsen damo, wancan ya ce a turara ƙahon rago, wata ta ce kada ta ci wake har shekara. Ciwon kai ya hana ta buɗe ido kwana uku. Ran na huɗu da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa a jawo mata tukunya. Tana kwance tana kiran suna, kowace mace ta zo ta karɓi ajiyarta ta kwance ta duba. Ba abin da ya yi ciwon kai. Sai da ta miƙa na ƙarshe sannan ta yarda ta sha kunu.

A mako na biyu wari ya fara. Da farko na ɗauka ɓera ne ya mutu a jinka, har na sa aka bincika. Yatsun da suka leƙo daga cikin ɗauri suka kumbura, suka yi toka-toka, sannan suka yi baƙi kamar bayan tukunya. Na kira maɗori, ya shinshina ya ce mugun jini ne ke fita, alamar sauƙi ce. Limamin unguwarmu ya ce in yi haƙuri, ba a kai matar aure gaban Nasara. Gwaggo Dudu ce ta tare ni a zaure, da Hausarta mai karkacewa.

"Malam Tanko, hancinka ya mutu ne? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ta wurin likitan bariki, in liman ya yi magana ka turo mini shi."

Muka ɗora ta a gadon kara, maza huɗu suka ɗauka, aka lulluɓe ta da zane saboda rana. Duk inda muka bi sai mutane su miƙe suna salati, sun zaci gawa ce. Wani har ya biyo mu yana tambayar wace maƙabarta. Asabe tana ji daga ƙarƙashin zanen.

A bariki akwai wata bishiyar tsamiya da marasa lafiya ke jira a gindinta. Sojoji ake fara gani, sai 'yan dakon gwamnati, sai matan sojoji, sannan in rana ta rage a waiwayi mutanen gari. Likita ɗaya ne tak. Da la'asar sai ya leƙo ya ɗaga hannu ya ce, "Morgin," wato gobe. Kalmar Jamusanci ta farko da na koya ke nan. Mun sha morgin sau biyu, muna ɗauko ta da safe muna mai da ita da yamma, ƙudaje na bin mu kamar mun ɗauko kifi. Ran na uku Gwaggo ta hango tsagar fuskar tafintan likita, ta gane Babarbare ne, Mamman sunansa. Kun san Fulani da Barebari.

"Kai, bawana!" ta ƙwala masa. "Uwargijiyarka na zaune a rana kwana uku, kai kana yawo da wandon Nasara?"

Ya tsaya ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya ara wa tsohuwar Bafulatana zane ta shigo gari? Ina shanun da kika bari?"

Suka yi ta yi, 'yan jira na dariya. Yana cikin dariyar iska ta kaɗo masa warin, sai fuskarsa ta canja. Ya ɗaga zanen ya duba, ya shiga ciki. Ba a jima ba aka kira mu. Abin da kwana uku na roƙo bai ba ni ba, zagin wasa ya ba ni.

Likitan yaro ne, rana ta gasa shi ya yi ja, idanunsa sun faɗa don gajiya. Ya sa almakashi ya yanke ɗaurin maɗori, da ya ga abin da ke ciki ya yi wata magana da ƙarfi wadda Mamman ya ƙi fassarawa. Sannan ya nuna yatsun ya ce, "Burant." Mamman ya ce wata wuta ce marar hayaƙi, tana cin nama tana hawa, in ta kai ƙirji an gama. Ɗaurin ne ya hana jini zuwa. Magani ɗaya ne, a yanke, kuma yau.

Asabe ce ta yi tambaya daga cikin mayafi.

"A ina zai yanke?"

Likita ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja layi ya zagaye wuyan hannunta, daidai gaɓa. Ta daɗe tana kallon layin.

"Tambaye shi, ba ya iya hawa sama? Nan." Ta nuna saman gwiwar hannu.

Mamman ya faɗa masa. Likita ya girgiza kai, ya ce shi ba ya yanke nama mai rai, abin da zai bar mata zai yi mata amfani, za ta iya tallafe ƙwarya, ta riƙe jariri. Na ɗauka zazzaɓi ne ya sa ta wannan tambaya.

"Malam, a mai da ni gida," ta ce.

Na roƙe ta, Gwaggo ta roƙe ta, Mamman ya ce, "Uwargida, ki ji tsoron Allah." Ko kallonmu ba ta yi ba. Likita ya wanke hannu ya ce a shigo da na gaba.

Muna jiran masu ɗauka Mamman ya ja ni gefe ya tambayi yadda abin ya faru. Da na kai kan rawani sai ya dafe kai.

"Madugu, kun duba wuyansa?"

"Wuyansa kuma?"

Ya ce duk wanda Jamus suka kama da fashi, sarƙa suke sa masa a wuya, a haɗa shi da 'yan'uwansa suna fasa dutse. Ƙarfen yana cin fata ya bar zobe, har kabari ba ya gogewa. Turawan kanti ba sa ɗaukar mai gadi sai ya buɗe wuya. Kowane soja ya san haka, balle Saje Maunde, wanda da hannunsa ya sha ɗaura wa mutane sarƙar. To ni ina zan sani? Ko da na sani ma, da wane baki zan ce wa mai gemu ya kwance rawaninsa in duba? A wurinmu ai ka zage shi ke nan, ka zagi ubansa.

Da muka isa gida na zauna a bakin gadonta, raina a ɓace.

"Asabe, kashe kanki za ki yi?"

"Malam, ka san Dungu na bakin kasuwa?"

Na san shi, kowa ya san shi. Tsoho ne da alƙali ya yanke wa hannu tun kafin zuwan Jamus, saboda saniya. Ya tsufa, ya tuba, amma har yau in ya matso mai tebur sai ya ja kayansa.

"A ina aka yanke masa?" ta ce. "Wane hannu?"

Hannun dama ne, daidai gaɓa.

"Ɓarawo ya tafi da nasa biyu, ni da na tsare kayan mutane a sa mini alamarsa? Ban yarda ba."

"Ai duk Garwa an san abin da ya faru."

"Garwa ta sani yau. Yola fa? In na je gidan 'yata, dangin mijinta su ga dungu a gaɓa, zan bi su ɗaya ɗaya ina rantsuwa? Jikokina fa, in an yi musu gori bayan ba ni?"

Sai na yi faɗa na fita.

Fushin nan na ɗauka na kai wa Saje Maunde a mako na uku. Na same shi a kan kujerar kwance, ana yi masa fifita, wasu sabbin mutane a jere a rana. Na ce masa ya san da sarƙa a wuyan Haruna ko bai sani ba.

"Madugu, mutum nawa ke zuwa nan a wata? In na ce kowa ya tuɓe, wa zai rage mini?"

"Ka ce ka tsaya masa."

"Na tsaya masa ya iya riƙe sanda, kuma ya iya. Kai da ka yi wata huɗu kana bin sa salla ba ka ga wuyansa ba, sai ni da na gan shi kwana biyu?" Ya gyara kwanciya. "Allah ya ba uwargida lafiya. Zaɓi wani a cikin waɗannan, wata biyu ba sai ka biya ba."

Wallahi da ina da ƙarfin da nake da shi shekara goma baya, da a ranar an sa mini tawa sarƙar. Na je wurin alƙali, ya ce a kawo wanda ya yi saran. Na je bariki, aka ce mutumin ya ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi, can kuwa ba ruwan Jamus. Na dawo gida haka nan.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a gida bayan dawowa daga likita, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. 'Yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, wari ya kore su, ban kuma ga laifinsu ba. Turaren wuta ya ƙare a gidan, muka koma ƙona ɓawon lemo. Gwaggo Dudu ta tare a wurinmu da tabarmarta, ita ke juya ta, ita ke kai ta bayan gida, tana ce mata, "Sey munyal, ɓingel am," sai haƙuri 'yata. Ni ke korar ƙuda, ni ke wankin tsummoki a bayan ɗaki inda ba mai ganina. Ayarin da zan bi zuwa Ngaundare ya tashi ya bar ni. Na sayar da jaki na biyu. Wani abokin fatauci ya ba ni zumar Tibati mai kyau, ya ce tana tsai da ruɓa. Asabe ta sha rubutu, ta karɓi tofi, ta shanye duk jiƙon da aka miƙa mata, amma ta hana a ɗiga ko ɗigon zuma a hannun. Ta kuma hana a wanke layin tawadar nan. Kullum da safe sai ta sa Gwaggo ta buɗe mata, ta ɗaga kai da ƙyar ta duba, ta ce a rufe. Ni ina zaton sauƙi take nema.

Baƙin ya cinye tafin, ya taɓa layin, ya haye. Zazzaɓi ya riƙa kaɗa ta har gadon na ƙara. Ta rame ta koma kamar kara, wani lokaci ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu tun tana yarinya. Ran na takwas na ce zan sa a ɗauke ta da ƙarfi. Ta buɗe ido tar ta ce in na yi haka ba ta yafe mini ba duniya da lahira. Na fita zaure na zauna a inda Haruna yake zama, na yi kuka irin wanda ban yi ba ran da ubana ya rasu. Na gaji da ita, na gaji da kaina, har na roƙi Allah in ɗauka zai yi ya ɗauka da wuri. Na faɗa ne don gaskiya ce, mai jinya ya san abin da nake nufi.

Ran na goma sha ɗaya da safe Gwaggo ta buɗe. Baƙin ya bar layin tawada can baya, saura yatsa huɗu ya kai gwiwa. Asabe ta duba, ta sa hannun hagu ta auna, ta mai da kai bisa matashi.

"Malam, nemo masu ɗauka."

"Zuwa ina?"

"Bariki. Yanzu ya wuce inda ake yanke wa ɓarawo."

Sai a lokacin na gane. Ba sauƙi take dubawa kullum ba, jira take wutar ta hau. Likita ya ce ba ya yanke nama mai rai, ita kuwa ta kwanta ta bar naman ya mutu har inda take so. Gwaggo ta dafe baki ta zauna a ƙasa.

Wannan karon ba a ce mana morgin ba. Mamman yana hango gadon ya ruga ciki. Da likita ya ga hannun sai ya yi jifa da tasar da ke hannunsa, ya yi ta faɗa, jijiyar wuyansa a miƙe. Mamman ya ce, "Wai mahaukata ne ku duka, kuma bai yi alkawarin za ta tashi ba." Amma yana faɗan yana naɗe hannun riga. Suka ɗora mata wani ƙyalle mai wari a hanci, aka kore mu waje. Muka zauna gindin tsamiya daga hantsi har azahar. Sannan Mamman ya fito da abu a naɗe cikin tsumma ya miƙa mini, ya ce an yanke sama da gwiwa, tana numfashi. Na kai hannun maƙabarta da kaina. Liman ya ce ba a yi wa gaɓa salla, sai na wanke shi, na sa a farin ƙyalle, na tona na rufe. Akwai sauran lalle a farcen babban yatsa.

Mako uku muka yi a wata bukka bayan ɗakin likita. Kwana biyar na farko ba ta san wanda ke kanta ba. Likitan nan da ya zage mu, sau biyu yake zuwa a yini, ya wanke da wani ruwa mai warin kwalta, ya canja ƙyalle da hannunsa. Ban san addininsa ba, ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a, liman ya ce abin da zai ce. Ran na shida ta nemi fura. Bayan nan sai wata sabuwar wahala: ta riƙa tashina wai in sosa mata tsakanin yatsu, yatsun da ni na binne. In na ce babu su sai ta yi kuka, don haka na koyi sosa tabarma a inda hannun zai kasance, ta kuwa ce tana jin daɗi. Da aka sallame mu na kai wa Mamman goro ƙwarya guda. Ya karɓa ya ce in gaya wa tsohuwar Bafulatana ya 'yanta ta.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In za ka sa mutum a ƙofarka, duba wuyansa, ko da rawaninsa ya kai na alƙali, kunyar yini ɗaya ce. In an ce an tsaya wa mutum, tambayi a kan me aka tsaya. Kada ka bari a ɗaure kara a kan ɗanyen rauni. Saje Maunde yana nan yana sana'arsa, har ya ƙara ɗaki. Haruna ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gwaggo Dudu bayanta bai sake miƙewa daidai ba tun jinyar nan, kuma ba ni da abin da zan biya ta. Asabe ta bar kitso. Ta koyi cin tuwo da hagu, tana neman gafara a kowace loma.

Ban ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinta. In na ga tana fama da ɗaurin zane da haƙori sai in tuna kamu guda na hannu mai rai da ta bayar, da ranta da ta kusa bayarwa, duk don bakin mutane. Na faɗa mata sau ɗaya, ta ce, "Malam, kai namiji ne, kana da bakin da za a saurara." Ba mu sake tayar da zancen ba.

Da ruwa ya cika kogi aka aiko 'yarmu ta haihu, muka sauka bakin Binuwai neman kwalekwalen Yola. Fitarta ta farko ke nan cikin mutanen da ba su san ta ba. Muna zaune a kan kayanmu sai ga wata mata da ba mu taɓa gani ba, da alama daga ƙetare take, da goyo da babban ƙunshi, ɗanta na biyu ya ɓace mata a cikin taro. Ta dudduba mutane, ta dubi Asabe, ta dubi hannun rigar da iska ke kaɗawa.

"Wayyo, baiwar Allah, kada ne ya cinye hannun?"

"Ƙaddara ce," in ji Asabe.

"Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah duba mini kayan nan, duk abin da na mallaka yana ciki, in nemo yaron nan."

Ta dire ƙunshin a gabanta ta ruga, ko sunanta ba ta tambaya ba. Asabe ta jawo shi da ƙafa, ta dafe da hannun hagu. Ba ta dube ni ba. Mai kwalekwale ya yi kira, ya sake kira, mutane suka shiga, na ɗora kayanmu a ka. Na ce mata mu bar wa wani ya duba, in kwalekwalen nan ya tafi sai jibi.

"Ni aka ba," ta ce.

Kwalekwalen ya tafi ya bar mu. Na sauke kayanmu daga kai, na zauna kusa da ita muna jiran matar.